Mantuwar Ciwon MS: Yadda Nake Zama da Ita, da Yadda Na Fahimtar da Mutanen Gida

Ranar da aka yi sunan jikar surukata a Jega, ina tsakar gidana a Birnin Kebbi ina shanya wanki. Sau biyu aka sanar da ni. Na farko ƙanin maigidana ne ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa mini, ina kwashe tuwo, yara na rigima a kan ludayi. Na biyu ita da kanta ta kira ni da azahar, na ce mata, "To Inna, in sha Allahu da ni za a yi." Da la'asar ɗin ranar sunan ta sake kira. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ɗiyata, sau biyu anka aiko maki. In ba ki son zuwa ki ce ba ki so, ya hi sauƙi." Na riƙe wayar ina lalube a kaina, ko ɓurɓushin maganar ban samu ba.

A lokacin wata huɗu ke nan da likita ya gaya mini ina da ciwon MS. Maigidana kaɗai ya sani, shi ma maganar ƙafa da ido ya sani, domin su ake gani. Mantuwar na ɓoye ta, ina jin kunyarta fiye da ɗingishin. Abin da zan rubuta a nan shi ne abin da na so a ce wata ta zaunar da ni ta gaya mini tun kafin wannan la'asar. Zan riƙa cewa "ki", saboda ciwon ya fi kama mata ninki biyu zuwa uku, amma namiji ma ya ɗauki nasa.

Ciwon, a taƙaice

Likitoci na ce masa maltiful siklerosis, a taƙaice MS. Ki shirya jin an ce sikila ce, domin sunayen sun yi kama a kunne, alhali babu abin da ya haɗa su. Jijiyoyi da yawa a ƙwaƙwalwa da laka suna da riga mai kitse-kitse da ake kira mayelin, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A ciwon MS garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta riƙa cin wannan rigar, ta bar tabo nan da can. Saƙon da ya kamata ya wuce kamar ƙiftawar ido sai ya riƙa jinkiri, ko ya tsinke a hanya. In tabon ya faɗa jijiyar ido, gani ya dusashe. In a laka ne, ƙafa ta sage ko fitsari ya ƙi riƙuwa. In kuma a hanyoyin da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa ne, sai tunani ya yi nauyi.

Wani likitan Faransa, Sharko, shi ya fayyace ciwon a Faris a 1868, kuma tun a lokacin ya lura da raunin tunawa a wurin marasa lafiyarsa. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke da shi a duniya, ya fi yawa a Turai da Amurka, yawanci kuma yana bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40. Kusan rabin masu shi suna samun wata matsala ta tunani. Abu ɗaya da ya kwantar mini da hankali: ba irin mantuwar tsufa ba ce wadda mutum ke kasa gane 'ya'yansa. Da wuya ta kai can. Karatunki, haddarki, sanin mutanenki da hankalinki suna nan. Abin da ya fi taɓuwa shi ne sauri.

Mataki na farko: ki tabbatar MS ɗin ne ke sa ki mantuwa

Ana gano MS da hoton MRI (na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki) na kai da laka, wani lokaci a haɗa da ɗibar ruwan baya, kuma likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke yanke hukunci. Daga Kebbi da Zamfara yawanci Sakkwato ake tura mutum, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wasu su wuce Asibitin Malam Aminu Kano. Ki fara karɓar takardar turawa daga babban asibitin Birnin Kebbi ko na Gusau, ki kuma sa a tambayo miki ranar da likitan ke zama kafin ki kashe kuɗin mota. Ki tambaye shi ko an duba wani ciwo mai kama da MS da ake kira NMO, wanda ke kama ido da laka. Ana ganinsa a tsakanin baƙar fata, akwai gwajin jini nasa, kuma wasu magungunan MS na iya tsananta shi.

Ko an tabbatar MS ne, kada ki ɗora masa kowace mantuwa. Ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12, matsalar tairod (ƙullun gaban wuya, wanda in ya kumbura ake ce wa maƙoƙo), rashin barci da ciwon damuwa duk suna dusashe tunani, kuma duk ana maganinsu. Ki kwashi duk abin da kike sha a leda ɗaya ki zube wa likita a kan tebur, har wanda kika saya a kemis da na gargajiya. Maganin riƙe fitsari irin oxybutynin, da amitriptyline, baclofen, gabapentin, diazepam, tramadol, kowannensu na iya sa kai ya yi nauyi. Kada ki daina da kanki, musamman baclofen da diazepam da ba a yanke su farat ɗaya; likita ne zai rage ko ya canza. Ni da aka mayar mini da ɗaya daga cikinsu dare, safiyata ta dawo mini.

Akwai ɗan gwaji na daƙiƙa 90, na haɗa alamomi da lambobi, da ke auna saurin tunani. Ki nemi a yi miki, a rubuta makin, a riƙa maimaitawa duk shekara. Maganin mantuwar kanta kuwa, ƙwayoyin da ake ba tsofaffi an gwada su ga masu MS ba su nuna amfani tabbatacce ba, don haka duk mai tallar maganin buɗe ƙwaƙwalwa a lasifika ranar kasuwa, ki bar masa kayansa. Abin da ke kare ƙwaƙwalwa shi ne maganin da ke rage tashin ciwon da sabbin tabo. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa guda uku cikin jerin magunguna masu muhimmanci: rituximab, cladribine da glatiramer. Suna da tsada, amma ki tambaya. Rituximab ana amfani da shi a wasu cututtukan ma, don haka manyan asibitoci sun san shi, kuma sai an gwada ciwon hanta nau'in B kafin a ba da shi.

Mataki na biyu: ki san irin taki mantuwar

Ki sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Sati biyu, duk sanda abu ya kuɓuce miki ki rubuta layi ɗaya: me kika manta, ƙarfe nawa, me kike yi, yaya zafin gari, yaya barcin jiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya kwana a ciki da ruwan sama.

Da na karanta nawa na ga mantuwa ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda maganar ba ta ma shiga ba, kamar saƙon ƙanin maigidana da ya zo ina kwashe tuwo. Akwai wadda ta shiga amma sai ta ga dama take fitowa: a tambaye ni sunan maƙwabciyata in yi shiru, bayan sallar magariba sunan ya faɗo da kansa. Akwai kalmar da ke maƙalewa a baki, in ce "miƙo mini abin nan" alhali murfi nake nufi. Sai wadda ta fi ja mini magana, mantuwar abin da zan yi nan gaba: suna, ta'aziyya, zubin adashe, tukunya a kan wuta. Na kuma ga kusan duka tsakanin azahar da la'asar suke faruwa. Kiran da surukata ta yi mini na sanar da ni sunan ma da azahar ya zo.

Mataki na uku: zafi, zazzaɓi da barci

A nan mu mutanen wannan yanki muka fi kowa aiki. Jijiyar da rigarta ta zaizaye ba ta jure zafi. Ko rabin digiri zafin jiki ya ƙaru, saƙo na iya ƙara jinkiri, ido ya dusashe, ƙafa ta yi nauyi, tunani ya cushe. Wani likitan ido Bajamushe, Utof, ya rubuta wannan tun 1890, kuma kafin a samu MRI likitoci kan sa mutum a ruwan zafi su ga ko alamun za su fito. Ba sabon tabo ba ne, in jiki ya huce abin na lafawa. To, ki auna wannan da Birnin Kebbi ko Gusau a Afrilu, rana ta haura digiri 40, ba wuta, rufin kwano.

Abin da nake yi daga Maris zuwa faɗuwar damina: duk aikin da ke buƙatar kai, lissafin kuɗi, shirya darasi, muhimmiyar magana, bayan asuba ne zuwa ƙarfe goma. Girkin rana na mayar da shi safe, domin tsayuwa a kan murhun gawayi da ƙarfe ɗaya na gama da ni har dare. Ina jiƙa ƙaramin tawul in ɗora a wuya, in riƙa kurɓar ruwan randa a kai a kai, in watsa ruwa kafin azahar da kuma bayan la'asar. Wasu kan rage shan ruwa don tsoron fitsari. Kuskure ne, yana jawo ciwon mafitsara, shi kuma yana tayar da komai.

Wankan jego sai an yi maganarsa tun ciki na ƙarami. Mai MS na iya ɗaukar ciki ta haihu lafiya, ciwon ma kan lafa a lokacin goyon ciki, amma watanni uku na bayan haihuwa su ne ya fi tashi. A daidai lokacin ne kuma ake tafasa ruwa safe da yamma har kwana arba'in. Ki sa likita ya faɗa a gaban mahaifiyarki ko gwaggon da za ta zauna da ke cewa ruwa mai ɗumi kawai za ki yi wanka da shi. Daga bakinki za a ce ragwanta ce ta 'yan boko. Daga bakinsa za a ji.

In kika wayi gari kanki ya cushe fiye da kullum, kafin ki tsorata ki sa a gwada zazzaɓin cizon sauro da fitsari. Sau da yawa su ne. Gidan sauro a wurinki ya zama dole, musamman masu zama kusa da fadama. Barci kuwa, ki kwanta lokaci ɗaya, ki yi ƙailula gajera da rana. Tafiya a ƙafa da sanyin safiya, ko zagaye tsakar gida ne, tana taimaka wa gajiyar da tunanin. Mai shan taba ya daina, tana hanzarta ciwon.

Azumi magana ce tsakaninki da likita da malaminki. Wasu masu ciwon na yi lafiya lau, wasu ƙishi da rashin barci na kayar da su. Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, kuma ramuwa a lokacin hunturu ta fi sauƙi.

Mataki na huɗu: ki fitar da tunawa daga kanki ki zuba ta a gida

Littafi ɗaya, ba biyu ba. Nawa yana kan firij da biro ɗaure da zare. Saƙo, alkawari, bashi, zubin adashe, ranar asibiti, duk a ciki, kuma a take ake rubutawa, mai maganar na tsaye. "Bari in gama in rubuta" ita ce ƙofar da komai ke bi ya fita. In rubutun boko na ba ki wuya ki yi da ajami. In hannu na rawa, ki buɗe WhatsApp ki riƙa tura wa kanki saƙon murya.

Sai ki rataye ayyukanki a kan salloli biyar, domin su ne agogon da ba ya buƙatar caji. Bayan asuba: magani, sannan karanta shafin yau. Bayan azahar: hutu. Bayan la'asar: sake duba littafi. Bayan isha'i: maganin dare, da rubuta na gobe. Ledar maganina a naɗe take cikin dardumar salla, ba yadda zan shimfiɗa ban gan ta ba (amma a ɗora ta inda hannun yara ba ya kaiwa). Ki raba ƙwayoyin sati a ƙaramin akwati mai gida bakwai, ko ki riƙa yin alama a littafi, domin shan magani sau biyu ya fi mantawa da shi haɗari.

Makulli, waya, katin asibiti, katin banki: ƙusa ɗaya da kwano ɗaya a bakin ƙofar ɗaki. Kowa a gidan ya san ba a ɗaga su.

Wuta ba a yi mata sassauci. In na ɗora tukunya ina saita ƙararrawar waya kafin in juya baya, in kuma aka yi sallama sai na kashe gas ɗin kafin in amsa, ko da waye. Na ƙona shinkafa kwano guda kafin in yarda da wannan doka.

In akwai abin da dole ki riƙe a ka, ki bi hanyar makarantar allo. Ki faɗe shi da bakinki, ki rufe littafin ki gwada kanki, ki sake bayan minti goma, ki sake da yamma. Maimaitawa a rarrabe da gwada kai sun fi karantawa sau goma a zama ɗaya, kuma an gwada su ga masu wannan ciwon sun yi aiki. Ki kuma haɗa abin da hoto: in gishiri da manja da ashana zan aika a sayo, sai in hango kwalbar manja sanye da hular gishiri tana ƙyasta ashana. Abin dariya ne, shi ya sa yake zama.

Salla ta fi komai sa ni kuka a farko, in tsaya ban san raka'a ta nawa nake ba. Malamin da na tambaya ya ce wanda shakka ke zuwa masa jefi-jefi ya yi gini a kan abin da ya tabbatar, ya yi ba'adi. Wanda kuwa shakka ta aure shi, kullum sai ta zo, ba ya komawa kan abin da yake shakka, ya ƙarasa ya yi ba'adi kawai. In maigida na nan ina binsa jam'i, hankalina kwance. Ki kai taki matsalar wurin malami yadda take, ki ce masa ciwo ne.

Mataki na biyar: yi wa dangi bayani

Wannan ya fi duk na baya wuya. Ciwon da ba a gani, kowa na fassara shi da abin da ya riga ya zarge ki da shi. Miji ya ce sakaci, suruka ta ce raini, kishiya ta ce makirci, gwaggo ta ce iska. Kada ki tara su wuri ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya, da safe, ranar da ba ki yi wa kowa laifi ba. Bayanin da aka yi bayan an ƙona abinci kare kai ake ɗaukarsa. Kowa kuma abu uku za ki gaya masa: menene ciwon, abin da ba shi ba ne, da abin da kike so shi ya riƙa yi. Na ukun ya fi muhimmanci. In kika tsaya a kan "ina da ciwo", za a ce Allah ya sawwaƙe, gobe a sake yi miki magana daga zaure kina cikin ɗaki. In kika ba mutum aiki, ya san inda zai sa hannu.

Maigida na fara da shi. Na ɗauko hoton MRI na ɗaga a hasken taga na nuna masa fararen ɗige-ɗigen. Gani ya kori ji. Na ce, "Malam, ka san in ka tura kuɗi a waya, an cire daga wajenka amma alat bai shigo wa mai shago ba? Haka maganarka take yi a kaina. Ka faɗa, gaskiya ne. Wani lokaci sai an jima take shigowa, wani lokaci ta koma." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To mi kike so in yi?" Na riga na rubuta: ya tabbatar na juyo ina kallonsa kafin ya fara, abu ɗaya a lokaci ɗaya, ya bari in maimaita masa, kuɗin cefane da saƙon dangi a rubuta, ya daina cewa "ba na gaya miki ba?", ya sake faɗa kawai, in kalma ta maƙale mini a gaban baƙi ya ɗan jira, kada ya ƙarasa mini sai na kalle shi. Zuwa asibiti na gaba tare muka shiga, ya yi tambayoyinsa da kansa, ciki har da wadda ya kasa yi mini: ko zan haukace. Likita ya ce a'a. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

Suruka ba a tunkararta da bayani kai tsaye, sai da ɗanta ko wata babba da take jin nauyi. Mun je Jega da turmin atamfa da sabulun barka. Na durƙusa na ba da haƙuri tukuna, domin a wurinta laifi an riga an yi, ciwo ko ba ciwo. Shi ya yi bayanin. Da ta ji sunan ta ce, "Sikila? Ai ba mu da ita a zuri'a." Ya ce ba ita ba ce, ciwon jijiya ne, wanda ya taɓa ƙafa da ido shi ne ya taɓa wurin ajiyar magana. Ita misalin randa ta gane: randar na nan, ruwan na nan, tsaga ce ta samu, sai a riƙa tarawa a wani mazubi. Na ce, "Inna, don Allah in da saƙo, in an faɗa mini a faɗa wa Malam, ko a bari in ɗauko littafi." Ba ta ce komai a kai ba, ta sa aka kawo mana fura. Amma tun daga ranar in ta kira takan fara da, "Ɗauko littahin naki."

Yara a gaya musu daidai shekarunsu. Ƙananan: kan Mama na gajiya, in ta manta ba don ba ta son ku ba ne, ba ku kuka jawo ba, ba a ɗauka. Manyan a ba su ƙaramin aiki, kamar karanto shafin littafi da safe, amma kada 'yar fari ta koma mai jinya ta rasa makaranta. Ki kuma shirya wa wayonsu. Nawa sun gano da wuri cewa "Mama, jiya kin ce za ki ba ni ɗari biyu" na aiki. Yanzu doka ce: abin da ba ya cikin littafi ba a faɗe shi ba.

In kina da abokiyar zama, ra'ayina ki gaya mata da bakinki iya abin da ya shafi girki, wuta da yara. Za ta lura ko ba ki faɗa ba, kuma abin da kika faɗa da kanki ya fi wuyar zama gori. Sauran dangi da maƙwabta jimla ɗaya ta ishe su: "Ina da ciwon jijiya da ke sa ni mantuwa, in da magana a turo mini a waya." Masu tsoron auren zuri'arki a gaya musu ba ya yaɗuwa, ba a gadonsa kai tsaye, mafi yawan 'ya'yan masu shi ba sa samunsa.

Maganar iska da sammu za ta zo, domin ciwon na zuwa ya tafi, ya kama ido wannan shekara, ƙafa wata shekarar, kuma a idon mutanenmu haka aikin aljanu yake. Kada ki yi musu, ba za ki ci ba. Ni cewa nake, "Gwaggo, addu'a ina so, a yi mini da yawa." Sai in gindaya iyaka: ba duka, ba turare a rufaffen ɗaki, ba tsaga, ba jiƙon da ban san abin da ke ciki ba, ba barin maganin asibiti. Ki yi hattara da masu sayar da abin ƙara ƙarfin garkuwa, domin ke garkuwarki ce ta yi yawan aiki. Akwai tarko guda: tashin ciwon kan lafa da kansa bayan makonni, sai a ce maganin wane ne ya yi aiki. Ki gaya wa maigida wannan tun yanzu, kafin a sayar da akuya.

A wurin aiki shugabarki kaɗai ta isa ta sani. Na nemi a mayar mini da darussana safe, a kuma riƙa ba ni sanarwar taro a rubuce.

Wani zai ci gaba da cewa da gangan kike yi, musamman da yake jiya kin tuna komai yau kin manta. Haka ciwon yake, yana da ranaku. Ki faɗa sau ɗaya, ki bar shi. In kuwa kika ga baƙin ciki ya zauna miki sati biyu ko fiye, ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar komai, ki gaya wa likita. Ciwon damuwa na kama kusan rabin masu MS a wani lokaci na rayuwarsu, yana ƙara mantuwa, kuma yana jin magani.

Mataki na shida: ranar asibiti, da ranar gaggawa

Kada ki shiga wurin likita ke kaɗai. Ki rubuta tambayoyi uku tun a gida, ki je da littafin da ledar magani, wanda ya raka ki ya rubuta amsa, ko ki nemi izini ki naɗi maganar a waya. Kafin ki tashi ki maimaita wa likitan abin da kika fahimta. Ku kama hanya da sassafe, saboda zafi da kuma halin hanya.

Mutanen gida su san bambancin mummunar rana da tashin ciwo. Mummunar rana na wucewa in an huta an huce. In sabuwar alama ta zo, ko tsohuwa ta tsananta, ta wuce awa 24 ba zazzaɓi, kamar ido ɗaya ya dusashe yana ciwo, ƙafa ta ƙi ɗauka, ko fitsari ya tsaya, a kira likita a ranar. Akan ba da methylprednisolone na kwana 3 zuwa 5 don ya gajarta tashin. In kuwa ruɗewa ce farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko farfaɗiya, ko zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ba a jira ko awa ɗaya, asibiti mafi kusa za a nufa, domin mai MS ma na iya samun shanyewar ɓarin jiki ko sanƙarau kamar kowa.

Sunan ciwon, sunayen magungunana, lambar asibiti da ta direban da ke kai mu Sakkwato suna bangon farko na littafin da manyan baƙaƙe. Maigida ya san wurin, 'yar farina ta sani, maƙwabciyata ta sani, domin ranar da za a buƙace su ba lalle ni ce zan iya nunawa ba.